Daga Karan Ɗori Zuwa Ma'auni: Tarihin Ilimin Ƙashi da Tsoka a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi, tun daga Gesse cikin Birnin Kebbi har zuwa Argungu da ƙauyukan da ke bakin fadamar Gulbin Rima, ya san maganar da akan yi idan mutum ya faɗo daga bisa itace, ko babur ya kayar da shi, ƙafa ta karye. Kafin a gama salati wani zai ce, "A kai shi Aliero." Wannan gari da ke kusa da Jega ya yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. Albasarsa takan kai har kurmi, su kuwa maɗoransa har daga wajen Nijeriya akan ɗauko masu karaya a kawo musu.

Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne tarihin wannan ilimi na ƙashi da tsoka da gaɓoɓi, yadda ya rayu a hannun maɗoranmu, da yadda malamanmu suka san shi a littafi, da kuma yadda a wasu ƙasashe ya haɗu da lissafi har ya zama fanni mai zaman kansa a jami'a, wanda mutum kan ƙare rayuwarsa yana bincike a kai. Turawa na kiran fannin bayomakaniks, mu kuwa za mu iya ce masa ilimin kanikancin jiki, domin kuwa kallon da bakanike ke yi wa mota shi ma'abota wannan ilimi ke yi wa ɗan Adam: ina nauyi ke sauka, me ke ja, me ke tokarewa, ina ne zai fara cinyewa.

HANNUN MAƊORI

Ɗori sana'ar gado ce. Yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci, yana miƙo kara da tsumma, tun bai san yawan ƙasusuwan jiki ba hannunsa ya san kwanciyarsu. Bahaushe tun da can ya bambanta karaya da tsagewar ƙashi, ya bambanta targaɗe da gocewar gaɓa, kowane da sunansa da irin aikin da ake yi masa. Maɗori yakan lalube wurin da yatsunsa, ya sa a riƙe masa majinyaci, ya ja gaɓar har ƙashin ya koma mazauninsa, ya shafa man shanu ko man kaɗanya, ya jera kara ko tsagin itace kewaye da wurin, ya ɗaure, ya yi tofi. Daga nan sai jira.

Dalilin da ya sa aikin ke ci sau da yawa shi ne, ƙashi da kansa yake ɗinkewa. Da zarar ya karye sai jini ya taru ya daskare a wurin, cikin makonnin farko wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, sannu a hankali ya ƙanƙare ya zama ƙashi, daga baya jiki ya yi ta sassaƙe shi har ya daidaita. Ga babban mutum wannan yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 ko fiye, gwargwadon ƙashin da ya karye, yara kuwa sun fi saurin warkewa. Aikin mai ɗori, na gargajiya ne ko na asibiti, shi ne ya daidaita bakunan ya hana su motsi.

To amma akwai inda gizo ke saƙar. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura bayan an ɗaure ta. Idan ɗaurin ya yi tsauri babu inda kumburin zai faɗa, sai ya matse hanyoyin jini, kuma tsokar da ta yi kimanin awa 6 ba jini ta fara mutuwar da ba ta da dawowa. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: zogin da ya wuce misali, yatsu su yi sanyi, su dushe, su daina jin taɓi. Idan aka ce wa yaro ya daure, haka ɗori yake, bayan kwanaki sai a kwance a tarar hannu ya ruɓe, sai yankewa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun ga irin wannan da yawa, har Dakta Onuminya da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kansa a 1999. Matsalar dai ta matsi ce, wato abin da ake iya aunawa a kuma koyar.

ABIN DA MALAMAI SUKA RUBUTA

Wani abin sha'awa shi ne, wannan gargaɗi tsoho ne a littattafan Musulunci. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya ware kashi guda na littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewar gaɓoɓi, aka fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karatunsa. Ibnu Sina (980–1037) ma ya yi bayanin ɗori a cikin Al-Ƙanun, inda ya ba da shawarar a jinkirta ɗaure karaya da itace har kumburin farko ya lafa.

Da Larabci ɗori shi ne jabru, mai yin sa kuma mujabbir. Daga wannan kalma ce Al-Khawarizmi ya ɗauko sunan littafinsa na lissafi a Bagadaza wajen shekarar 820, wato aljabra da ke ba ɗalibanmu ciwon kai a sakandare, domin shi ma aikinsa mayar da abin da ya karye a lissafi ne zuwa mazauninsa. Har a tsohon Sifaniyanci da sunan mai aljabra ake kiran maɗori. Ashe tun asali ɗori da lissafi 'yan ɗaki ɗaya ne.

Malaman jihadi ba su bar fagen magani ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci cin Birnin Kebbi a 1805 kuma ya rasu a Gwandu a 1829, ya rubuta Masalihul Insan, kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir da sauransu. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya koma Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kai wa Bello har da littafin Ibnu Sina da na lissafin Iƙlidis, dukkansu da Larabci, Bello kuwa ya nuna masa ya riga ya san na Iƙlidis. Wato a fadar Sakkwato, shekara 200 da suka wuce, littafin likitanci da na awo sun taɓa zama kan shimfiɗa ɗaya. Sai dai malami yana zaurensa da alƙalami, maɗori yana nasa da kara, kowa da gadonsa.

YADDA LISSAFI YA SHIGA CIKIN TSOKA

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni ba likita ba ne, malamin lissafi ne. Giovanni Borelli an haife shi a Napoli ta ƙasar Italiya a 1608, ya koyar a jami'o'in Messina da Pisa, ya rasu a Rum cikin talauci a 1679, bai ga fitowar littafinsa kan motsin dabbobi ba, wanda aka buga kashi biyu a 1680 da 1681. Abin da ya nuna ya ba mutanen zamaninsa mamaki: tsoka tana yin ƙarfin da ya ninka nauyin abin da take ɗagawa sau da yawa.

Mai karatu zai iya gwadawa. Ka lanƙwasa hannu ka riƙe bokiti mai kilo 5. Tsokar damtse tana manne ne da ƙashi kamar santimita 4 daga gwiwar hannu, tafin hannun kuwa yana nesa da gwiwar da kamar santimita 32, wato ninki takwas. Saboda haka kafin bokitin ya tsaya, tilas tsokar ta ja da ƙarfin kilo 40, ban da nauyin hannun kansa. Allah ya halicce mu ne a kan mu biya da ƙarfi mu sami sauri, tsoka ta takure kaɗan hannu ya yi tafiya mai nisa. Sirrin naushin ɗan dambe ke nan, shi ne kuma dalilin da ya sa gaɓoɓi ke ɗaukar nauyin da ido ba ya gani.

Bayan Borelli sai aka shiga awo. A 1878 Muybridge ya jera kyamarori 12 a wata gona a Kalifoniya, ya ɗauki hotunan doki yana sukuwa daki-daki. A 1892 Julius Wolff na Balin ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai da ke sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, wanda ake aiki da shi ya yi ƙwari, wanda aka ajiye ya zaizaye. A 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A. V. Hill na Ingila, wanda shi ma da lissafi ya fara karatu a Kambirij, ya sami kyautar Nobel ta 1922 kan zafin da tsoka ke fitarwa, a 1938 kuma da tsokar kwaɗo ya tabbatar da ƙa'idar cewa iya saurin takurewar tsoka iya raguwar ƙarfinta. Sai a 1954 aka gano yadda take takurewar: wasu siraran zaruruwa ne iri biyu ke zamewa cikin juna, kamar ka sarƙa yatsun hannayenka biyu.

ƊAN MAƊORI DA YA ZAMA LIKITA

Labarin da ya fi shafarmu shi ne na Hugh Owen Thomas. An haife shi a 1834 a tsibirin Anglesey na yankin Wales, cikin gidan da ya gaji ɗori kaka da kakanni. Mahaifinsa Evan Thomas maɗori ne a Libaful, ba shi da takardar likita, kuma ya sha gurfana gaban shari'a saboda aikinsa. Da ya ga inda zamani ya dosa sai ya tura 'ya'yansa maza biyar karatun likita. Hugh ya gama a 1857, ya buɗe wurin aikinsa a Libaful, yana duba 'yan dakon tashar jirgin ruwa da matuƙa, yana ƙera kayan ɗorinsa da kansa. A 1875 ya bayyana wani ƙarfen ɗori mai zobe a gindin cinya da sanduna biyu, wanda ke riƙe ƙafa a miƙe yana jan ta, ba tare da ya shaƙe jini ba.

Ya rasu a 1891 duniya ba ta gama sanin darajarsa ba. Robert Jones, wanda ya tashi a gidansa ya koyi aiki a hannunsa, shi ya sa aka fara amfani da ƙarfen a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916. Ƙididdigar da aka saba kawowa ita ce, kafin nan kusan soja 80 cikin 100 da harsashi ya karya musu cinya mutuwa suke yi, bayan nan adadin ya sauko ƙasa da 20. Har yau ana amfani da wannan ƙarfe, da sunan ɗan maɗori ake kiransa. Hannun gado ne ya shiga makaranta ya fito, bai yar da abin gida ba.

Daga wannan zuri'a ta ilimi John Charnley ya fito. A asibitin Wrightington ya kafa ɗakin bincike, ya yi ta auna santsin gaɓa, ya sha faɗuwa da robar farko da ya gwada domin cinyewa ta yi a jikin mutane, sai a Nuwamba 1962 ya dace da haɗin ƙarfe da roba mai ƙarko da ake maye gurbin gaɓar ƙugu da shi. Miliyoyin tsofaffi sun sake taka ƙasa albarkacin wannan haƙuri. A 1973 masu wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Amurka.

ASIBITI YA ZO AREWA

A Nijeriya ma yaƙi ne ya buɗe ƙofar. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ya samo asali ne daga sansanin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, a nan ne kuma aikin gashin ƙashi irin na asibiti ya fara a 1945. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966. A Birnin Kebbi an buɗe babban asibiti a 1952, wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Sir Yahaya (1938–1954). Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya fara aiki a 1959, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, a nan ne kuma aka kafa makarantar koyon gashin ƙashi da daga baya ta zama sashe a Jami'ar Bayero. Jami'ar Sakkwato ta zo a 1975, Jihar Kebbi a 1991, jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013. Ikon Allah, ita jami'ar jihar a Aliero aka gina ta, garin ɗori, kuma yanzu sunan Abdullahi Fodiyo take ɗauke da shi.

Duk da haka jama'a ba su bar maɗori ba, kuma suna da dalilansu. Yana kusa, yana jin harshensu, kuɗinsa da sauƙi, ba ya cewa sai an biya kafin ya taɓa. Ga kuma tsoron da ya zauna a zukata cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. Shi kuwa likita zai ce maka ba ya ganin ƙafar sai bayan ta ruɓe. Haka zargin ke ta zagayawa, gurgu na ƙaruwa, musamman tun da kabu-kabu ya cika hanyoyinmu, ya zo da irin karayar da kakannin maɗora ba su saba gani ba, wadda ƙashi ke farfashewa ya ɓullo waje. A kudancin Habasha an gwada tara maɗora a yi musu gajeren horo kan hatsarin ɗauri mai tsauri, rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yanke gaɓoɓi ya ragu ƙwarai.

JIKINMU, AWON WASU

Ƙasar Kabi ƙasar aikin ƙarfi ce tun fil azal. Ruwayoyin baka sun ce Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular a ƙarni na 16 ya gina Surame, da kokawa da dambe ya fara yin suna. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, baje kolin tsoka ne: kokawa, tseren kwalekwale, nutso, da dubban masunta da ke rugawa Matan Fada da homa da gora. A 2020 kifin da ya ci gasa kilo 78 ne, nauyin ƙato guda. Ka ƙara da manomin shinkafa da ke yini duƙe a fadama, da mai daka, da yarinya mai tulu bisa gammo.

Masu bincike sun auna cewa a tafiya kawai gaɓar ƙugu na ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin mutum a kowane taku. A Balin aka auna haka da na'urar da aka dasa cikin gaɓar roba. Nachemson na Suwidin ya nuna tun shekarun 1960 cewa duƙawa da kaya a hannu na ninka matsin da ke kan faifan gadon baya fiye da sau biyu. Amma akasarin irin wannan awo a jikin mutanen Turai da Amurka aka yi shi, masu zama kan kujera, ba masu tsugunno da zaman tabarma da noma da gajeriyar fartanya ba.

Da aka juyo Afirka kuwa an ga abin mamaki. A 1986 Farfesa Maloiy na Jami'ar Nairobi da abokansa suka gano cewa matan Luo da Kikuyu kan ɗauki kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu da ka ba tare da numfashinsu ya nuna ƙarin wahala ba. Binciken da aka yi daga baya kan matan Xhosa a Afirka ta Kudu ya nuna ba kowace mace ce haka ba, kuma da yawa na fama da ciwon wuya. Maganar ke nan ba ta ƙare ba, kuma amsarta na iya kasancewa a bakin rijiyoyinmu.

HANYAR MAI SON SHIGA FAGEN

Yaro ko yarinyar da ke son wannan fanni sai ya riƙe lissafi da fiziks da bayoloji tun a sakandare. Ƙofofin shiga da yawa ne: likitanci, gashin ƙashi, injiniyancin inji, ko ilimin motsa jiki da wasanni. Bayan digirin farko sai na biyu da na uku, sannan hawan tsani daga ƙaramin malami zuwa babban malami har farfesa, kowane mataki da bincike da wallafa. Tafiya ce ta shekara 20 ko fiye, ga ƙarancin albashi da yajin aiki, ga ƙasashen waje na zawarcin duk wanda ya ƙware.

Sai dai wani shinge ya faɗi. A da ɗakin awon tafiya sai mai kuɗi, da kyamarori na musamman da faranti mai auna taku. Yanzu Jami'ar Stanford, wadda aka gina a kan gonar nan da Muybridge ya ɗauki hoton doki, ta fitar da manhajar OpenSim kyauta a 2007, a 2023 kuma ta wallafa OpenCap, mai auna motsin gaɓoɓi da wayar hannu biyu. Malami a Aliero ko Birnin Kebbi na iya auna bambancin doguwar ƙota da gajeriya a bayan manomi, ko matsin da ke ƙarƙashin karan ɗori, ya zauna da maɗora su fitar da ƙa'idar da kowa zai riƙe: wace karaya ce ta gida, wacce ce ta asibiti, yaushe ake sassauta ɗauri.

KAMMALAWA

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ita ma sai an san gwargwado. Evan Thomas bai rufe gidan ɗorinsa ba, 'ya'yansa ya tura makaranta. Ina kira ga gidajen ɗori na ƙasar Kabi da su yi koyi da shi, ga malaman jami'o'inmu kuma da su tuɓe takalmi su shiga zauren maɗori da ladabi, domin akwai abin da yatsunsa suka sani wanda ba a rubuta ba tukuna. Iyaye kuma, idan yaro yana kukan zogi bayan ɗori, yatsunsa sun yi sanyi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren nan, kada a jira gari ya waye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace. Amin.